Injin Jeniba ba zai tashi duniya ba, a duba ɗakin hoton unguwa

Duk bayan 'yan watanni sai bidiyon nan ya sake dawowa wayoyinmu. Wani ne ya ɗora murya a kan hoton dogon rami cike da bututai, yana ta rantse-rantse wai Turawa sun haƙa ƙasa a birnin Jeniba na Siwizalan za su buɗe wa aljanu ƙofa, ko su haɗa baƙin ramin da zai lanƙwame duniya da abin da ke cikinta. An yi wannan kururuwa a Satumbar 2008 da aka fara kunna injin cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke can, aka maimaita a Yulin 2022, aka sake a Afrilun 2024 lokacin husufin ranar da aka yi a Amurka. Ga shi har yau ana buɗe shaguna a Kantin Kwari.

Bidiyon bai ba ni haushi kamar inda muka ajiye tsoronmu ba. Mutum zai tura wa dangi gargaɗi a kan injin da ke wata nahiya, gari na wayewa ya tafi aiki a ɗakin ɗaukar hoton ƙirji wanda bangonsa bulo ne mai rami, ƙofarsa katako, ba shi da bajon da ke auna radiyeshin, wato hasken nan mai ratsa jiki da ido ba ya gani, da jikinsa ke sha, kuma bai taɓa tambaya ba.

Ra'ayina a fili yake. Injin CERN ba barazana ba ne ga mutumin Kano, ko ga mutumin Jeniba ma. Irin waɗannan injina, babbansu da ƙaraminsu, wanda ke tsaye kusa da su suke cutarwa. Don haka ma'aikacin da aka hana wa kayan kariya da awo, ya nema a rubuce aka yi biris da shi, ya shirya ya bar aikin. Barinsa ba butulci ba ne, ba kuma ƙarancin tawakkali ba ne.

Me injin yake yi?

CERN cibiyar bincike ce da ƙasashen Turai suka kafa a 1954, a kan iyakar Siwizalan da Faransa. Babban injinta, LHC, zobe ne mai kewayen kilomita 27, binne kimanin mita 100 a ƙarƙashin ƙasa. Ana ɗebo furoton, wato ƙwayar da ke tsakiyar zarrar haidurojin, a raba su gida biyu, waɗannan su bi ta dama waɗancan ta hagu, a yi ta ingiza su har su riƙa zaga zoben sama da sau 11,000 a daƙiƙa ɗaya. Manyan maganaɗisu 1,232, waɗanda ake sanyayawa da ruwan hiliyam zuwa digiri 271 ƙasa da sifiri, su ke lanƙwasa musu hanya. A wurare huɗu ake haɗa su karo, na'urori su ɗauki tarkacen da ya fito. Ta haka aka gano ƙwayar Higgs, aka sanar ranar 4 ga Yuli, 2012.

Ƙarfin karo guda, tun 2022, 13.6 ne a ma'aunin da ake kira TeV. Sunan ne kawai ke da kwarjini. TeV ɗaya bai wuce ƙarfin sauro guda yana shawagi ba. Abin da ya sa ya zama abin a zo a gani shi ne an cusa shi a wuri ɗan mitsitsi, wanda ya fi zarra ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

"To idan ya haɗa baƙin rami fa?"

Tambayar ba ta wauta ba ce. Masanan kansu sun yi ta, har CERN ta sa an yi nazari a kanta a 2003, aka sake a 2008. Wasu mutum biyu ma sun kai ƙara kotun tarayya a Hawai ta Amurka, kotun ta ce ba ta da hurumi. Korar ƙara dai ba hujjar kimiyya ba ce. Hujjar tana bisa kanmu.

A 1912 Victor Hess ya hau balan-balan da na'urar awo, ya ga radiyeshin na ƙaruwa gwargwadon yadda yake ƙara sama. Ashe ƙwayoyi ne ke zuwa daga sararin samaniya suna dukan iskar da ta lulluɓe duniya, dare da rana. Kana zaune a Ɗorayi ko Sabon Gari, tarkacen wannan karo na ratsa ka: kusan ƙwayar muwon ɗaya a kowace murabba'in santimita cikin minti guda. A 1991 wata na'ura a jihar Yuta ta Amurka ta kama ƙwaya ɗaya da ƙarfinta ya ninka na furoton ɗin LHC sau miliyoyi barkatai. Ko da aka yi lissafin cewa abin da ta daka a tsaye yake, ba karon gaba da gaba ba ne, har yanzu ta fi karon Jeniba sama da sau 50. Irin wannan duka duniya da wata da rana suke sha tun da Allah ya halicce su.

Mai kaifin basira zai ce akwai bambanci. Abin da karon sama ya haifa zai wuce da gudu ya fita daga duniya, na cikin inji kuwa zai iya tsayawa ya maƙale. Wannan ita ce suka mafi ƙarfi, kuma an amsa ta. Akwai taurarin da suka mutu suka dunƙule, wasu girmansu bai fi na duniya ba amma nauyinsu ya kusa na rana, wasu faɗinsu kilomita 20 ne kacal. Duk abin da aka haifa a jikinsu ba shi da hanyar wucewa, dole ya maƙale. Da yana cin abu, da ya cinye su tuntuni. Suna nan, ana ganinsu da madubin hangen nesa. Sannan manyan na'urorin LHC sun shekara da shekaru suna neman alamar ɗan ƙaramin baƙin rami a cikin tarkacen, ba su samu ko ɗaya ba.

Gunkin da ake haskawa a bidiyon kuwa, kyauta ce da gwamnatin Indiya ta bai wa cibiyar a 2004, aka kafa shi a tsakar gida. Ba sai ya burge ka ba, amma ba ya cikin wayoyin injin. Mai son sukar CERN yana da abin suka na gaske: biliyoyin kuɗin da ake narkarwa, da wutar lantarkin da take sha.

"Ai ya taɓa fashewa"

Ya taɓa. Ranar 19 ga Satumba, 2008, kwana tara da kunna shi, wani haɗin waya tsakanin maganaɗisu biyu ya yi zafi ya narke, wuta ta huda bututu, hiliyam kimanin tan shida ya tsiyaye cikin ramin. Sai da aka fito da maganaɗisu 53, aka shafe sama da shekara ana gyara. Ba wanda ya ji rauni, manoman da ke saman ramin ma sai a labarai suka ji.

Ƙarfin furoton ɗaya na sauro 'yan kaɗan ne, amma idan aka tara duk waɗanda ke zagayawa a hanya guda, sun isa su narkar da jan ƙarfe kilo 500. Shi ya sa ba a barin ɗan Adam a ramin idan inji na aiki, kuma da an buɗe ƙofa ba bisa ƙa'ida ba, nan take a juyar da furoton ɗin cikin wani dogon kututturen girafait mai kusan mita 8, wanda aka kewaye da kankare.

Dubi waɗanda irin waɗannan wurare suka taɓa cutarwa. A 1978, a Furotbino ta Rasha, wani masani mai suna Anatoli Bugorski ya leƙa duba wata na'ura da ta lalace, abin kariyar bai yi aiki ba, furoton suka ratsa kansa. Ya rayu, amma rabin fuskarsa ya shanye, kunnensa na hagu ya toshe, ya kuma riƙa farfaɗiya. A 2005, ana tsaka da gina LHC, kaya suka kuɓuce daga ƙugiya suka faɗa wa wani ma'aikaci ya rasu. Dukansu ma'aikata ne a bakin aikinsu.

Ɗan ƙaramin injin da ke bayan layinku

Injin hoton ƙashi da ƙirji dangin LHC ne. A cikin kwalbarsa ana ingiza ƙwayoyin lantarki da ƙarfin bolt 60,000 zuwa 120,000, su daki wani ƙarfe, hasken da ke ratsa jiki ya fito. Yanzu kusan duk babban titi a Kano akwai allon da ke tallan hoto da sikanin.

Kada mara lafiya ya tsorata. Ana auna abin da jiki ya sha da milisibat, wanda ake rubutawa mSv. Daga ƙasa da iska da abinci da sama, ɗan Adam na shan kimanin 2.4 a shekara. Hoton ƙirji bai wuce 0.1 ba, wato na mako biyu ke nan. Sikanin ciki da ake kira CT ya kai 8 zuwa 10, shi ya sa ba a yin sa sai da dalili. Idan likita ya rubuta hoto, a yi. Kuma da an kashe injin, ba abin da ke saura a ɗakin ko a tufafin mutum.

(Na'urorin da ke ɗauke da sinadari irin su siziyam da kobal daban suke, ba su da makunni. A 1987 a garin Goyaniya na Barazil masu tsintar gwangwan suka fasa irin wannan daga wani asibiti da aka yi watsi da shi, mutum huɗu suka mutu, aka auna sama da 100,000. 'Yan gwangwan na Ƙofar Ruwa su kula: duk ƙaramin ƙarfe mai nauyin da ya fi girmansa, da tambari mai fukafukai uku, kada a sa masa guduma.)

Mara lafiya sau ɗaya zai shiga. Ma'aikaci kuwa kullum yana ciki. An ƙayyade masa mSv 20 a shekara idan aka raba a kan shekara biyar, kada kuma ya haura 50 a shekara guda. Sauran jama'a, har da mai karɓar kuɗi da ke zaune bayan bango, 1 ne. A Najeriya hukumar NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa, ita ke ba da lasisin ajiye irin wannan inji, hukumar RRBN kuma ita ke yi wa masu ɗaukar hoton rajista.

Ga inda abin ke lalacewa. An kama shago ko ɗakin kwana an mayar ɗakin hoto. Bulo mai rami ba ya tare komai sosai, sai an cika shi da kankare ko an manna farantin dalma, galibi mai kaurin milimita 2, zuwa tsayin mita 2 da 'yan kai. Bangon da ake jingina mai hoton ƙirji shi ke shan hasken kai tsaye, sau da yawa kuma a bayansa aka ajiye bencin masu jira. Ƙofa ta katako ce. Tagar da ma'aikaci ke leƙe ta ciki gilashin gida ne. Rigar dalma, wadda ya kamata kaurinta ya kai milimita 0.25 zuwa 0.5, guda ɗaya ce tal, an ninke ta an cusa a durowa, dalmar ta tsattsage daga ciki ba a gani. Ratayewa ake yi, kuma sau ɗaya a shekara a ɗauki hotonta a ga ko ta fashe.

Sai matsalar wuta. Idan janareta ya yi wa injin kaɗan, ƙarfin wuta ya faɗi daidai lokacin da aka danna, hoto ya fito dishi-dishi, a sake, wani lokaci har sau uku. Idan fitilar da ke nuna iyakar hasken ta mutu, sai a buɗe shi gaba ɗaya don kada a kuskure, ya watsu ko'ina. Idan yaro ya ƙi tsayawa, sai a ce ma'aikaci ya riƙe shi, yau shi gobe shi, alhali ɗan'uwan yaron ya kamata a sa wa riga ya riƙe, in dai ba mai juna biyu ba ce. Nisa ma kariya ce ta kyauta: ka ninka tazara, abin da ke iso ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Amma a ɗakin da bai fi mita uku ba, ina za ka matsa?

"Ai ɗan kaɗan ne, shekara nawa muna yi ba abin da ya same mu"

A wurin da aka gina daidai, gaskiya ne. Mai ɗaukar hoto da ke tsayawa bayan bangon dalma da wuya ya kusanci ko rubu'in iyakar nan. Amma wa ya ce maka naka wurin haka yake? Radiyeshin ba shi da wari, ba shi da zafi. Bajon nan da ake maƙalawa a ƙirji, a aika a karanta duk wata ɗaya zuwa uku, shi kaɗai zai faɗa. Wanda ba shi da bajo, zato kawai yake yi. Wanda bajonsa ya shekara a aljihun farar riga ba a aika ba, ko ya bar shi a mota cikin ranar Afrilu zafi ya ɓata karatun, shi ma haka.

Illar kuma ba ta gaggawa ba ce. Sankarar jini kan ɗauki shekara biyu zuwa sama, sauran nau'o'in shekara goma ko fiye, ga yanar ido. A ƙiyasin masana, kowane mSv 20 na ƙara haɗarin mutuwa da sankara da kusan ɗaya cikin dubu. A shekara ɗaya ba yawa. A shekara ashirin ba awo, lissafi ya canza, lokacin kuwa wataƙila asibitin ma ya zama shagon sayar da atamfa.

"Aiki wuyar samu, kada ka saki reshe ka kama ganye"

Wannan ita ce maganar iyaye, kuma akwai gaskiya a ciki. Ban ce a yi fushi da safe a jefar da makulli ba. Amma a lura da wani abu: mai wurin da ya ƙi sayen bajo, sau tari shi ne wanda albashi ke kaiwa tsakiyar wata a hannunsa, shi ne bai ba ka takardar ɗaukar aiki ba, shi ne ke cewa ka sa hannu a hoton da yaron da ya koya wa danna maɓalli ya ɗauka. Na ƙarshen nan ya fi komai haɗari ga sana'arka, domin ranar da aka zo bincike lasisinka ne a kan layi. Reshen da ake cewa kada ka saki, ka duba ko ba ruɓaɓɓe ba ne.

Wasu kuma tausayi ke riƙe su: in na tafi wa zai duba marasa lafiya? Zamanka ne ke sa wurin ya yi kama da halastacce. Takardarka ce a jikin bango.

Mace mai ciki kuwa kada ta ɓoye don tsoron kora. Ƙa'idar ita ce da ta sanar, a gyara mata aiki yadda abin da ke cikin ba zai sha sama da mSv 1 ba har ta haihu. Wurin da amsarsa ita ce "sai ki zaɓa, ciki ko aiki" ya riga ya faɗa mata matsayinsa.

Yadda ake fita ba a yi asara ba

Fara da takarda. Rubuta wa mai wurin, cikin ladabi, abin da ya rage: bajo, riga, gilashin dalma, awon bango. Sa kwanan wata, ka ba shi wa'adin da hankali zai ɗauka, kamar wata guda, ka riƙe kwafin da aka sa wa hannu. Wani bai sani ba ne, da ya ga kuɗin bai kai na fentin ofishinsa ba zai gyara. Idan ya gyara, ka zauna abinka.

Idan ya yi shiru, nemi wani wurin tun kana ciki. A wajen ganawa ka tambayi lasisin NNRA, da sunan jami'in da ke kula da kariya, ka kuma ce a nuna maka sakamakon bajo na ƙarshe. Yadda fuskarsu ta yi ma amsa ce.

Sannan notis. Abin da takardar ɗaukar aikinka ta ce shi ne gaba. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya sa kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata ɗaya daga nan zuwa sama, kuma ana iya biyan kuɗi a madadinsa. Sai dai dokar ta cire masu aikin ƙwarewa daga waɗanda take kira ma'aikata, don haka mai digiri ya fi aminci da ba da wata guda a rubuce. Kada ka ɓace ba sallama, Kano ƙarama ce a wannan sana'a. Ka miƙa kaya da lissafi a gaban shaida.

Kafin ranar ƙarshe ka karɓi abu uku. Takardun makarantarka na asali, in ka yi kuskuren ba da su. Bayanin asusun fanshonka, ka ga ko kashi 8 da ake cire maka da kashi 10 na mai aiki suna shiga, domin asusun naka ne, yana bin ka duk inda ka koma. Sai tarihin awon jikinka, in an taɓa yi. Ƙa'idar hukumar makamashin nukiliya ta duniya ita ce a ajiye shi aƙalla shekara 30 bayan ka bar aiki, kuma kana da haƙƙin gani. Ranar da wata cuta ta taso kana neman diyya a ƙarƙashin Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wannan takarda za a fara tambaya. Albashin da aka riƙe kuwa, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa na da reshe a nan Kano.

Saura waɗanda ka bari: mai shara, mai karɓar kuɗi, da yaron nan da ba shi da takardar da zai nemi wani aiki da ita. Su ba za su iya tafiya ba. Ka kai kwafin wasiƙarka ga NNRA da kuma PHIMA, hukumar da ke sa ido kan asibitoci masu zaman kansu a jihar nan. Ka haɗa da zanen ɗakin ko da da biro ne: inda injin ke fuskanta, abin da ke bayan kowane bango, da yawan hoton da ake ɗauka a rana. In za ka ɗauki hoton wurin da waya, ka tabbata babu fuskar mara lafiya ko sunansa a ciki.